Zuriyar Sarkin Musulmi Bello a Wurno da Raba da Ƙasar Goronyo

Garuruwan nan da ke gabas da birnin Sakkwato, watau Wurno da Raba da waɗansu da ke bin Gulbin Rima har ƙasar Goronyo, da yawansu ba kasuwa ta tara su ba, ba kuma daɗin fadama ba, ko da ya ke suna da kasuwar, suna da fadamar. Kafa su aka yi da niyya, aka zuba musu mutane, aka ɗora musu 'ya'yan gida ɗaya, domin su zama garkuwa tsakanin Sakkwato da masu kawo mata hari. Gidan nan kuwa shi ne gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Ma'aikacin da bai san salsalar gidan ba ya kan sha wuya da tsofaffin takardun En'e, gama sunayen maimaita kansu su ke yi. Akwai Atiku biyu, da Aliyu biyu, da Attahiru biyu, in kuwa aka ce Abubakar sai an tambaya wanne. Akawu ya rubuta "jikan Atiku" ya wuce abinsa, bayan shekara hamsin a zo ana gardamar gona ko ta rawani, a rasa ko Atiku mai Katuru a ke nufi ko Atiku na Raba, alhali kuwa na farin ƙanen Bello ne, na biyun ɗansa na cikinsa.

Asalin gidan ba ya bukatar dogon bayani ga mutanen ƙasar nan. Toronkawa ne, kakansu Musa Jakollo ya fito daga Futa Toro ya zauna ƙasar Ƙwanni. An haifi Shehu a Maratta cikin 1754, ya girma a Degel, inda kabarin mahaifinsa Muhammadu Fodiyo ya ke. An haifi Bello cikin 1781, uwarsu ɗaya da Abubakar Atiku. Yana da shekara 23 aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, cikin 1808, shi ne kuma ya gina Sakkwato cikin 1809. Da Shehu ya rasu cikin 1817 aka yi masa mubaya'a.

Sarautar da ya gada ba ta hutu ba ce. Kafin shekara ta kewayo Abdussalami ya tayar a Kware, kusa da ƙofar gida, sai da aka ci garin da yaƙi. Gobirawa da aka kora daga Alƙalawa ba su miƙa wuya ba, Katsinawa sun kafu a Maraɗi, Abzinawa suna nan arewa, yau aminai gobe abokan gāba, Zamfara kuwa ba ta rabu da tawaye ba. Marubutan tarihinsa sun ƙidaya masa yaƙi 47 cikin shekara 20 da ya yi yana mulki. Amma Bello ya lura da wani abu wanda ba kowane mayaƙi ke lura da shi ba. Runduna ta kan fita da rani, ta ci nasara, ta komo gida da damina don noma, ƙasar da aka ci kuwa ta koma yadda ta ke, maharan su biyo sawu su kwashe shanu da mutane. Tsakanin Sakkwato da Zamfara ga dajin Gundumi, babu gari babu rijiya, mahari ya kan shige shi ya ɓace. Kwarin Rima kuma hanya ce buɗaɗɗiya daga Gobir har bakin ganuwar Sakkwato.

Maganin da ya samo cikin littattafai ya same shi, gama shi malami ne tun kafin ya zama sarki. Shi ne ribaɗi, watau gari mai ganuwa a bakin iyaka, wanda mazaunansa su ne masu tsaronsa, suna noma suna karatu, dawakinsu a ɗaure kusa, in an yi kururuwa su hau. Ya yi rubutu a kan falalar zaman ribaɗi da hukuncinsa, ya kuma matsa wa Fulani makiyaya su bar yawo su zauna gari, su koya wa 'ya'yansu karatu, su kiwata dawaki da raƙuma saboda tsaro. Ba duka suka so ba. Mutumin da ya saba bin saniyarsa inda ciyawa ta ke ba ya murna da ganuwa. Amma ga sarki akwai riba biyu a ciki: iyaka ta tsaru, mutanen kuma sun shigo inda alƙali zai iya kiransu, mai karɓar zakka ya iya ƙidaya su.

Bai umarci kowa da abin da shi bai yi ba. Ya fara zama a Magarya, a kwarin Rima, can ne ma Baturen nan Kyaftin Clapperton, wanda a ke kira Abdullahi, ya riƙa zuwa wurinsa a tafiyarsa ta biyu cikin 1826, kafin ajali ya same shi a Sakkwato cikin Afrilu 1827. Magarya wuri ne mai dausayi da zazzaɓi. Wajen 1830 Bello ya gina Wurno a kan tudu mai duban gulbi da fadama, kamar mil ashirin da 'yan kai arewa maso gabas da Sakkwato, ya mai da ita mazauninsa. Sakkwato ba ta fasa zama birnin Shehu ba, can hubbarensa ya ke, can gidajen manyan sarakuna su ke, amma Sarkin Musulmi da kansa ya koma bakin daga. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da matarsa Nana Asma'u 'yar Shehu sun yi gida a Wurno, malamai da masu sana'a suka biyo, baƙi kuma suka riƙa sauka. Cikin baƙin nan har da Alhaji Umaru Futi, wanda ya yi shekaru wurin Bello a kan hanyarsa ta komowa daga Makka, ya auri 'yarsa Maryamu, daga baya ya tafi ya kafa daularsa a yamma.

Sa'an nan ya rarraba 'ya'yansa da 'yan'uwansa. Ɗansa Aliyu ya riƙe Shinaka, wadda yau ta ke cikin ƙasar Goronyo. Ɗansa Fodiyo ya riƙe Lajinge, can gaba cikin ƙasar Gobir, an ce kuwa uwar Fodiyon nan ita ce Katambale, wadda dā ta ke gidan Sarkin Gobir Yunfa, watau an ɗora wa Gobirawa wanda ba za su ce baƙo ne ɗungum ba. Kware da aka rushe aka sāke gina ta, ta zama ta Isa, autan Shehu, shi ya sa a ke ce masa Isa Mai Kware. A kan Gulbin Sakkwato kuma ga Raba da Gandi suna tsare da bakin Gundumi ta kudu. Raba, wadda takardun Turawa da na En'e su ke rubutawa Rabah, ita ce ta zama mazaunin ɗansa Abubakar Atiku, har sunanta ya bi shi. Wanda ya ɗauki taswira ya sa ɗigo a kan garuruwan nan zai ga sun yi wa Sakkwato zobe ta gabas da arewa, kowace hanyar ruwa da ƙofarta, kowace ƙofa da ɗan sarki a bakinta. Wannan ba gata ba ne irin wanda 'ya'yan sarakuna su ke so, gama wanda aka ba ribaɗi shi a ke fara kai wa hari.

Amfanin shirin ya bayyana cikin 1836, sa'ad da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa suka haɗa kai. Bello ya fita da runduna cikin tsananin rani, aka gamu a Gawakuke, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda na Maraɗi. Ragowar Gobirawa suka ja da baya suka kafa Tsibiri. Wannan shi ne babban yaƙinsa na ƙarshe. Ya rasu a Wurno cikin watan Rajab na 1253, watau Oktoba 1837, aka rufe shi a can, Allah ya ji ƙansa. Da ya so a kai shi kusa da mahaifinsa da ba wanda zai hana, Sakkwato tafiyar yini ɗaya ce. Amma mai ribaɗi a ribaɗinsa a ke so ajali ya same shi, hubbarensa kuwa shi ne ya riƙe Wurno da daraja bayan duk abin da ya kafa ta dominsa ya wuce.

Masu tarihi sun ruwaito cewa da ciwo ya tsananta ya gargaɗi 'ya'yansa kada su nemi sarauta da ƙarfi, su bi wanda jama'a ta zaɓa. Haka kuwa aka yi, aka naɗa ƙanensa Abubakar Atiku, mutum mai tsanani, wanda ya yi shekara biyar ya rasu a Katuru cikin 1842 a kan hanyar komowa daga yaƙin Tsibiri. Daga nan gidaje biyu suka tsaya, gidan Bello da gidan Atiku, sarauta tana kai da komo tsakaninsu. Ba doka ce rubutacciya ba, masu zaɓe ne, watau Waziri da Magajin Gari da Magajin Rafi da Galadima da shugabannin Fulani irin su Sarkin Yaƙin Binji da Sarkin Kabin Yabo, su ke duban wanda ya girma da wanda ya cancanta da kuma gidan da aka daɗe ba a waiwaya ba.

Aliyu Babba, mai Shinaka, shi ya fara komo da sarauta gidan Bello cikin 1842, ya zauna Wurno shekara 17. Zamaninsa ne garin ya fi cika, zamaninsa ne kuma aka fi samun shaidar yadda ta ke, saboda Bajamushen nan Dokta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya iso cikin 1853 da saƙon Gwamnatin Ingila. Ya ratso Gundumi tafiyar yini da kwana ba saukewa, don tsoron Gobirawa da ƙishirwa, ya tarad da Aliyu a sansani a Gawasu zai fita yaƙi. Aliyu ya karɓe shi da fara'a, ya yarda ya ba shi takardar aminci saboda fataken Ingila, ya sa aka kai shi Wurno ya jira komowarsa, ya yi fiye da wata guda a can. Da ya komo daga Tambutu cikin 1854 ya sāke sauka Wurno, ciwon ciki ya kwantar da shi makonni.

Barth ya yabi halin Aliyu, ya ce mutum ne mai sauƙin kai da son alheri, amma ya zarge shi da rashin zafin mahaifinsa, ya kuma ce ya ga tsoron hari har kusa da garin. Akwai gaskiya a ciki, gama cikin 1849 Yakubu Nabame ya tayar da Kabi, bayan Aliyu da kansa ya sake shi daga tsare don tausayi, Buhari kuma ya ƙi biyayya a Haɗeja har ya kori rundunar da aka aika masa. Duk da haka ba daidai ba ne a auna mutum da idon baƙon da ya zo cikin rani, lokacin da kowace shekara hari ya fi yawa. Aliyu ya karɓi ƙasa da iyakarta, ya bar ta da iyakarta in banda Kabi da Haɗeja, gaisuwar sarakunan gabas tana isowa Wurno daga Kano da Zazzau da Bauci da Adamawa, ba kuwa ƙaramin aiki ba ne riƙon abin da wani ya ci.

Bayansa sarauta ta koma gidan Atiku, Ahmadu ɗan Atiku ya yi daga 1859 zuwa 1866, ya zauna nasa ribaɗin a Cimmola. Aliyu Ƙarami ɗan Bello bai cika shekara guda sosai ba. Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu ya yi daga 1867 zuwa 1873, a zamaninsa aka yi sulhun nan da Kabawa da a ke kira Lafiyar Toga. Sa'an nan 'ya'yan Bello biyu suka biyo juna, Abubakar Atiku na Raba daga 1873 zuwa 1877, da Mu'azu daga 1877 zuwa 1881. Dukansu sun hau da tsufa, shi ya sa kwanansu bai yi yawa ba. 'Ya'yan Bello huɗu ke nan suka yi sarautar Musulmi. A lura da biyun nan na ƙarshe, gama ko da ya ke shekara huɗu huɗu suka yi, ba a kuma ba da labarin wani babban abu a zamaninsu, daga tsatsonsu ne mutane biyu suka fito waɗanda suka riƙe Arewa a ƙarni na ashirin. Mu'azu kuwa ya bambanta da 'yan'uwansa, a Sakkwato ya zauna bai koma Wurno ba.

Akwai wani reshe da ya kamata a ambata, domin ba kowane jikan Bello ne ya tsaya jiran masu zaɓe ba. Sa'idu ɗan Bello malami ne, an tsallake shi. Ɗansa Hayatu ya bar ƙasar Sakkwato wajen 1878, ya tafi Adamawa ya kafa zama a Balda, ya karɓi kiran Mahadin Sudan, ya haɗa kai da Rabe har ya auri 'yarsa, daga baya suka ɓata aka kashe shi a Barno cikin 1898. Ɗansa Sa'idu ya tara jama'a a Dumbulwa, Turawa suka kama shi cikin 1923 suka kai shi Buea ta ƙasar Kamaru, daga bisani aka bar shi ya zauna Kano. Jinin da ya kafa Wurno shi ne ya kafa Balda, sai dai wannan karon ba da iznin Sarkin Musulmi ba.

Umaru ɗan Aliyu Babba, jikan Bello na farko da ya hau, ya yi daga 1881 zuwa 1891, ya komo da fada Wurno. A nan ne cikin 1885 wani Bature mai suna Joseph Thomson ya same shi, wakilin wani kamfanin ciniki na Ingila wanda a shekara mai bi ya sami izni daga Sarauniya ya zama Kamfanin Neja. Aka rubuta takarda, aka sa hannu. Duk wanda ya taɓa zama ɗakin shari'a ya san irin takardar nan, wadda masu ita biyu kowa da abin da ya ɗauka ta ƙunsa. A wurin fadar Wurno baƙi ne 'yan kasuwa suka nemi iznin ciniki a bakin Kwara da Binuwai, za su riƙa aiko da kaya kowace shekara, abin da ba shi da wani suna a nan sai gaisuwa. A wurin kamfani kuwa an sallama musu iko a kan gāɓar kogunan, kayan da su ke aikowa kuma kuɗin wannan iko ne. Da takardar nan Ingila ta yi gardama da Faransa da Jamus a kan wa ke da ƙasar, da ita kuma Gwamna Lugga ya kafa hujja bayan Gwamnati ta karɓi aikin kamfani ran 1 ga Janairu 1900. Bello ya gina Wurno tana fuskantar arewa, inda ya san abokan gāba su ke. Abin da ya ci ƙasar ta kudu ya biyo, ya kuma shigo Wurno da sallama, aka ba shi masauki.

Umaru ya rasu a Ƙauran Namoda yana kan hanyar yaƙi. Abdurrahman ɗan Atiku, wanda a ke yi wa laƙabi Ɗanyen Kasko, ya gaje shi, ko da ya ke kuwa ɗan gidan Atiku ne a Wurno ya zauna, abin da ke nuna garin ya riga ya zama fadar sarauta, ba gadon gida ɗaya ba. Zamaninsa ya yi nauyi: yaƙin Argungu bai yi kyau ba, naɗin Tukur a Kano cikin 1893 ya jawo basasa, Turawa kuma suna cin garuruwan kudu ɗaya bayan ɗaya. Ya rasu cikin Oktoba 1902, shi ne Sarkin Musulmi na ƙarshe da ya yi mulki daga Wurno. Attahiru ɗan Ahmadu, na gidan Atiku, bai cika wata shida ba aka yi karon Giginya a bayan ganuwar Sakkwato ran 15 ga Maris 1903. Ya yi gabas da waɗanda suka bi shi, ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli. Waziri Buhari kuwa da sauran jama'a suka yi wajen Marnona, ƙasar Wurno, suka yi shawara da malamai, suka ga ba a bar talakawa ba shugaba, suka komo. Ran 21 ga Maris aka naɗa Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba. Attahirun farko jikan Atiku ne, na biyu jikan Bello, kada a gama su.

Tun daga ran nan Wurno ta sauka daga matsayinta. Razdan yana Sakkwato, Baitulmali da aka kafa yana Sakkwato, babban alƙali da gidan yari suna Sakkwato, ba yadda Sarkin Musulmi zai zauna wani wuri. Da aka yanka ƙasa gunduma gunduma, kowane hakimi aka ce ya zauna cikin tasa, sai garuruwan ribaɗi suka zama mazaunin hakimai, mai Wurno yana amsa sunan Sarkin Sudan, mai Raba yana amsa Sarkin Raba. Aikin da ya rage wa jikokin masu tsaron iyaka shi ne ƙidayar mutane da dabbobi, da tara haraji da jangali, da gyaran hanya. Ganuwa ta zube ba a sāke ɗaga ta ba, mutane suka bazu cikin fadama suna noman shinkafa da albasa da tafarnuwa. Sunan Sarkin Sudan akwai shi kuma a Kwantagora, amma wancan na zuriyar Umaru Nagwamatse ɗan Atiku mai Katuru ne, ba abin da ya gama shi da Wurno sai kakanni.

A Raba, Ibrahim ɗan Abubakar Atiku na Raba shi ke riƙe da gari sa'ad da aka haifa masa ɗa aka sa masa suna Ahmadu, wajen 1910. Uban ya rasu yaron yana da shekara shida. Ya yi makarantar lardi a Sakkwato, ya tafi Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya komo ya koyar a Midil ta Sakkwato, cikin 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Raba, ya zauna kujerar ubansa da kakansa. A can Dange kuma wani ɗan gidan yana tasowa, Abubakar ɗan Usmanu ɗan Mu'azu, wanda aka haifa ran 15 ga Maris 1903, ranar karon Giginya. Ya fara aiki magatakardan hakimi ne a Dange ƙarƙashin baffansa Hasan, da Hasan ya hau ya jawo shi Sakkwato ya ba shi Sardauna. Ma'aikatan En'e suna da abin tinƙaho a nan, gama mutanen nan biyu duka daga cikinsu suka fito, ɗaya daga allon makaranta, ɗaya daga teburin malamin hakimi.

Hasan ya rasu cikin 1938, shekara 101 bayan rasuwar kakansa Bello, shi ne kuma jikan Bello na ƙarshe da ya yi sarauta. Masu neman gadonsa da suka fi fitowa duka tattaɓa kunnen Bello ne, Abubakar ta wajen Mu'azu, Ahmadu ta wajen na Raba. Aka naɗa Abubakar cikin Yuni 1938. Ahmadu aka ba shi rawanin Sardauna da Abubakar ya tuɓe, aka tura shi Gusau ya duba gundumomin gabas. Abin da ya biyo baya ba a jin daɗin faɗarsa, amma yana cikin littafin shari'a, ɓoye shi ba ya ƙara wa kowa girma. Cikin 1943 aka kai ƙarar Sardauna a kan kuɗin jangali, majalisar shari'a ta Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun Turawa a Zariya, aka wanke shi. Ƙarar ta raba kan ma'aikata har a wasu lardunan, sunan Sardauna kuwa ta nan ya fara fita bayan Sakkwato. Daga baya aka sasanta su, suka yi aiki tare, ɗaya yana Sakkwato ɗaya yana Kaduna. Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa cikin 1954, babban masallacin da aka gina a Kaduna a zamaninsa sunan Sarkin Musulmi Bello aka sa masa. Sojoji suka kashe shi a gidansa ran 15 ga Janairu 1966. Gidan na Raba bai sāke hawa gadon sarautar Musulmi ba tun 1877.

Abubakar na uku ya yi shekara 50, ya rasu cikin 1988. Ibrahim Dasuƙi, na gidan Buhari ɗan Shehu, ya yi daga 1988 zuwa 1996, sa'an nan Muhammadu Macciɗo ɗan Abubakar har ya rasu a hatsarin jirgin sama cikin Oktoba 2006, sa'an nan ƙanensa Muhammadu Sa'adu. In aka ƙidaya daga Shehu, sarakuna 20 ke nan, 11 daga cikinsu Bello ne da zuriyarsa, 6 Atiku ne da tasa, sauran ukun Shehu da Rufa'i da Dasuƙi. Wurno ma ta ga ɗan reshen Mu'azu, gama cikin 1973 aka naɗa Alhaji Shehu Malami, ɗan ɗan'uwan Sarkin Musulmi Abubakar, Sarkin Sudan, wanda daga baya ya yi jakadancin Nijeriya a Afirka ta Kudu, ya rasu cikin 2022.

En'e kanta ta wuce. An karɓe mata kotuna da 'yan doka da gidajen yari bayan juyin mulkin 1966, gyaran 1976 ya shafe sunanta, yau Wurno da Raba da Goronyo kowace ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta. Gulbin Rima da Bello ya tsare da ganuwa an tare shi da madatsar ruwa a Goronyo, wadda aka gama cikin 1984, tana shayar da Sakkwato da gonakin rani, ko da ya ke cikin damina ta 2010 ruwa ya fi ƙarfinta ya ci ƙauyuka da gonaki masu yawa a kwarin. Dajin Gundumi kuwa, wanda aka yi shekaru ana ratsa shi ba fargaba, ya sāke zama maɓoyar mahara. Cikin Yuli 2018 'yan bindiga suka faɗa wa Tabanni ta gundumar Gandi a ƙasar Raba, cikin Oktoba 2021 kuma suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ranar cinta, suka kashe mutum fiye da 40. Garuruwan da mutanen ƙauyuka su ke gudowa cikinsu neman mafaka, Gandi da Raba da Goronyo da Wurno, suna kan layin nan da aka ja tun kafin yaƙin Gawakuke.